Bashin da Aka Ƙi Biya, Wani Ne Ke Biyansa

Da a ce yau da safe kowane mai shago a Gombe zai rantse ba zai ƙara ba da kaya bashi ba, da kafin la'asar an ji kukan garin. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke karɓar shinkafa da mai da sabulu tun daga tsakiyar wata har albashi ya shigo, mai ƙosan da ke ɗaukar wake da safe ta biya da yamma, ɗan acaɓan da ke jan babur ɗin wani yana kai balas, ƙaramin ɗan kasuwan da ya cika rumfarsa da kayan da ba nasa ba, manomin Kwami ko Akko da ya karɓi taki farkon damina zai biya da kaka, duk waɗannan a kan bashi suke tafiya. Babu banki a tsakaninsu, babu lauya, sau da yawa ko takarda babu. Abin da ke riƙe da harkar gaba ɗaya shi ne in mutum ya ce zai kawo ranar Juma'a, to ranar Juma'a za a gan shi. Saboda haka kuskure ne a ɗauki taurin bashi a matsayin rigimar mutum biyu da ba ta shafi kowa ba. Kuɗin da aka ƙi biya ba ya bin iska. Akwai wanda zai biya shi, kuma yawanci wanda bai ci ba bai sha ba.

Cin bashi a kansa ba abin kunya ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalansa. Kuma addini ya raba tsakanin wanda ya kasa biya da wanda ya ƙi biya. Na farkon, aya ta 280 a suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi, in ma an yafe masa ya fi alheri. Na biyun kuwa, hadisin Bukhari da Muslim ya yanke hukunci a taƙaice: jinkirin mai hali zalunci ne. Maƙwabtanmu Kiristoci na Billiri da Kaltungo su ma suna karanta irin wannan a Zabura 37, inda aka ce mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya.

Amma wanda ya fi yawa a cikinmu wani ne na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Mutum ne da ya karɓa da niyyar biya, ranar alkawari ta zo babu, kunya ta hana shi zuwa ya faɗi gaskiya, sai ya ɓuya. Da ya je ya zauna ya ce "Alhaji, ga halin da nake ciki," da yana cikin waɗanda ayar ta nema wa rangwame. Daga ranar da ya fara ƙin ɗaga waya, da ƙafarsa ya fice daga cikinsu, domin mai kuɗi ba shi da hanyar sanin ko babu ce ko ƙeta ce. Abin da ya gani kawai shi ne an guje shi.

A leƙa kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi a ga yadda abin yake aiki. Ɗan kasuwa ya loda wa abokin cinikinsa buhunan wake za a kai Kudu, a kan cewa in kaya suka fita za a turo kuɗi. Shi ma ba duka ya biya ba. Rabin kayan daga hannun yaran da ke sayo masa a kasuwannin ƙauye suka fito, su kuma akwai manoman da suka ce wa "mako mai zuwa". Mako ya cika, ya kira. "Alhaji, wallahi kayan ba su gama fita ba, kasuwa ta yi sanyi." Mako na biyu: "Na tura tun jiya, ba ka ga alat ba? To matsalar banki ce." Mako na uku waya tana ta ƙara ba a ɗauka. Na huɗu a kashe take. A wannan watan Alhajin bai je cin kasuwar Kumo ba, domin ba shi da abin saye. Leburorin da ke masa lodi sun zauna a gindin rumfa. Mai motar da ya saba ɗaukar masa kaya ya tafi neman wani. Can ƙarshen igiyar kuma akwai manomin da ya sayar da wakensa don ya biya kuɗin makarantar 'yarsa, wanda bai taɓa jin sunan mutumin da ya kashe wayar ba, amma shi ne aka koro wa yarinya gida.

Abin da masu taurin bashi ba sa lissafawa shi ne jarin ƙaramin ɗan kasuwa da juyawa yake rayuwa. A ɗauki misali: mai shagon da ke samun naira 5 a kan kowace naira 100, kuma kayansa na ƙarewa ya sake sarowa sau huɗu a wata. In aka riƙe masa naira 200,000, ribar naira 40,000 ce ke kuɓuce masa duk wata. A wata shida abin da ya rasa ya fi uwar kuɗin. Ranar da aka kawo masa dubu ɗari biyun cif, har ana jiran ya yi godiya, an riga an ci masa wasu dubu ɗari biyu da arba'in da babu wanda zai taɓa ambata.

Ga kuma abin da tsadar rayuwa ta ƙara a kai. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin gwamnati na lita bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura 1,000. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a cikin 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa naira 100,000 a farkon 2023 ya ba shi kuɗin lita 500 ne. In aka mayar masa a ƙarshen 2024, ko lita 100 ba za su cika ba. A nan ne zaluncin jinkiri yake fitowa fili ga Musulmi musamman. Banki yana kare kansa da kuɗin ruwa. Wanda ya ba da rance don Allah ba shi da wannan kariya, domin ba zai sharɗanta ƙari ba, riba ce da addini ya haramta. Abin da ya bayar shi za a mayar masa. Kariyarsa ɗaya tak ita ce a biya shi a kan lokaci, kuma ita ce mai taurin bashi yake ƙwacewa. Wato tsoron Allahn mai kuɗi ne ake amfani da shi a cuce shi, kuma wannan ya fi komai ciwo a cikin lamarin. Annabi (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Mu kuwa sai a shekara biyu da kuɗin mutum, a kawo su a tsinke, dubu biyar yau dubu uku wata mai zuwa, ta yadda ba za su taɓa haɗuwa su sake zama jari ba.

Wanda aka yi wa haka sau biyu, sau uku, ba ya zuwa kotu. Ƙofa yake rufewa. Shi ya sa ake ganin kwali a manne jikin shaguna daga Jekadafari har Pantami an rubuta "Ba bashi". Shi ya sa kaya ke da farashi biyu, na kuɗi hannu da na bashi, wanda ke nufin masu biya ne ke ɗaukar nauyin marasa biya. Shi ya sa mai kemis da a da zai miƙa maganin zazzaɓi da tsakar dare ya ce a kawo da safe, yau sai ya ce a nemo kuɗin tukuna. Matar da ke tsaye a gabansa da yaro a goye yana rawar ɗari ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba, kuma shi ma ba mugu ba ne; an ƙona shi ne har ya daina bambance fuska. Wake ɗaya ke ɓata gari. Attajiri ba ya jin wannan rufe ƙofa, yana da ajiya, yana da kadarar da banki zai karɓa jingina. Talaka ne ba shi da wani banki sai mai shagon layinsu da maƙwabcinsa da uwar adashi.

Adashi ma abin dubawa ne, domin a nan ɓarnar take saurin bayyana. Mata goma suna zubi, ɗaya ta roƙi a ba ta kwasar farko saboda bikin 'yarta, aka tausaya aka ba ta. Daga wata na uku sai zubinta ya fara tsallake. Uwar adashi ce za ta cike daga jikinta don kada a ce ta ci amana, wani lokaci har ta sayar da akuya ko 'yan kunnenta. In ta kasa, wadda ke ƙarshen layi, wadda ta fi kowa haƙuri, ita ce za ta kwashi ragowa. Zagaye na gaba babu adashin, kuma mata tara sun rasa hanya ɗaya da suke da ita ta tara kuɗin da ya wuce na cefane.

Shi kansa mai gudun bashin, yana ganin kamar ya sha, alhali shi ne ya fara biya tun kafin a kama shi. Nana A'isha ta ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) me ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, sai ya ce mutum in bashi ya hau shi, zai yi magana ya yi ƙarya, zai yi alkawari ya saɓa. Duk wanda ya zauna da irin wannan mutum ya ga yadda abin ke tafiya daki-daki. Ƙaryar farko da nauyi take fita, ta biyar kuwa ba ya ma jin ta. Sai gari ya fara yi masa ƙunci. Ya sauya masallacin da yake sallar asuba. Ya daina bi ta layin Tsohuwar Kasuwa. An gayyace shi ɗaurin aure sai ya tambayi su wa za su je. Ya canza layin waya, da shi kuma ya yar da lambobin duk masu kawo masa aiki. In an yi sallama a ƙofar gida ya tura yaro ya ce "Baba ba ya nan", yaron yana kallon takalmansa a bakin ɗaki. Wannan yaron an koya masa darasin da babu malamin Islamiyyar da zai iya goge shi cikin sauƙi.

Gombe kuma, duk girman da ta yi tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, har yanzu gari ne da ake sanin mutum. Labarin taurin bashi ba a buga shi a jarida, amma yana isa inda ya kamata ya isa. Ranar da za a haɗa hannun jari a nemi amintacce, sai a tsallake sunansa ba tare da an faɗi dalili ba. Ranar da aka zo binciken aure a kan ɗansa, wani dattijo zai yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce "to, ba laifi", kuma masu binciken sun ji abin da shirun ya ce. Da mutanen kirki suka daina ba shi, sai ya koma wa masu ba da kuɗi da ruwa, ya ci na wannan ya toshe bakin wancan, har abin da ya faro daga dubu hamsin ya kai ga sayar da fili.

Akwai wani juyin da ke ba ni takaici ƙwarai, yadda mai kuɗi ke komawa shi ne mai laifi. Ranar karɓa, "Yaya, ka rufa mini asiri, Allah ne kaɗai ya san halin da nake ciki." Ranar tambaya, "Nawa ne ma kuɗin da za a hana ni sakat?" Sai ka ga mutum yana rarrashin wanda ya ci kuɗinsa, yana zaɓen kalmomi, yana jin nauyin tunatarwa, shi kuwa wancan yana ɗora hoton sabuwar shadda a WhatsApp. In bashin na cikin dangi ne, sai iyaye su shiga da "ka yi haƙuri, ƙaninka ne", wanda a aikace ke nufin ka yafe ko ba ka so. Kuɗin ya tafi, zumuncin da aka ce ana karewa shi ma bai tsira ba, domin gaisuwa ta koma ta fatar baki, matan gidajen biyu sun ɗauki gaba, 'ya'ya sun gāji rigimar da ba su san tushenta ba. Mafi muni a wannan babi shi ne mijin da ke karɓar sadakin matarsa ko kuɗin gadonta da sunan "ara mini", yana ganin kuɗin mace ba bashi ba ne. Bashi ne cikakke, kuma ƙararrakin aure da yawa da ke gaban alƙalai daga nan suka samo asali. Haka wanda ya tsaya wa wani: ya sa hannu don kara, ya wayi gari ana cire masa albashi a kan kuɗin da ko ƙwandala bai gani ba.

A ɓangaren banki, zamanin ɓuya ya wuce, ko da yake mutane da yawa ba su farga ba. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, asusun mutum duk a ɗaure suke da yatsunsa. Daga 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka bashi damar ɗibar kuɗinsa daga asusunka na wani bankin daban. Akwai kuma kamfanonin da dokar 2017 ta tsara aikinsu na adana tarihin bashin kowa, kuma banki kan duba su kafin ya ba da rance. Waɗanda suka karɓi rancen korona a 2020 suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, da yawansu sun ga an zare musu kuɗi shekaru bayan sun manta. Irin wannan tunani ne ya raunana shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015: an raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba, kuma manomin da ya biya nasa tsaf yau ba shi da inda zai sake karɓa. Manhajojin rance na waya kuwa nasu salon daban ne, tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayar mutum, har da surukansa. Wannan ta'asa ce, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google ma ya hana su shiga lambobi da hotunan mutane a 2023. Amma mugun halin mai bin bashi ba ya sauke uwar kuɗin daga wuyan wanda ya karɓa.

Masu bin bashi su ma suna da nasu kuskuren, babba daga ciki shi ne garzayawa wurin 'yan sanda. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani, irin ɗauke mata ko ƙane don maigida ya fito. Wanda ya sa aka tsare mutum a kan bashi zalla yana iya ƙarewa shi ne kotu za ta ce ya biya diyya. Wurin bashi kotu ne, ta yanki ko ta majistare, kuma tana da haƙora: tana iya yanka biya kashi-kashi, ta sa a kama kaya a yi gwanjonsu, ko ta umarci banki ya biya daga asusun mai taurin kai. Fikihun Malikiyya da alƙalanmu suka tashi a kansa ya yarda a tsare wanda ake zargin yana ɓoye dukiya har a gane gaskiyarsa, ya kuma hana tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai. Sai dai kada mai gudun bashi ya ɗauka wannan sashe na 32 rigar sulke ce. In an nuna tun farko da yaudara ya karɓa, ko an ba shi amanar kaya ya sayar ya cinye, maganar ta tashi daga bashi ta koma zamba ko cin amana a ƙarƙashin dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code. Ba da cakin da babu kuɗi a asusunsa kuwa laifi ne mai ɗaurin shekara biyu tun dokar 1977.

Sannan akwai ranar da kowa ya sani. An jera sahu, gawa na gaba, wani daga dangi ya ɗaga murya: "Jama'a, duk wanda ke bin marigayi bashi, ya ga wane bayan an dawo." Ba al'ada ce kawai ba. A ruwayar Bukhari an kawo wa Annabi (SAW) gawar mutumin da ake bi dinari uku, ya ce sahabbai su sallaci abokinsu, bai shiga ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A Muslim kuma an ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ayoyin gado a suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Ma'anar wannan a aikace ita ce bashin da uba ya shekara goma yana kauce wa, marayunsa ne za su biya a mako ɗaya, wani lokaci da gidan da suke kwana a ciki. In kuma ya ɓoye musu, babu rubutu babu shaida, sai su rasa gane mai gaskiya da ɗan damfara a cikin masu zuwa da da'awa. Su biya kowa su tsiyace, ko su hana kowa su bar mahaifinsu da nauyi a ka.

Wanda ya kasa biya da gaske, akwai abin da har yanzu yake da shi da zai bayar, wato fuskarsa. Ya riga ranar alkawari zuwa, ya faɗi abin da ya faru, ya kawo abin da ya samu ko dubu biyu ce, ya sa sabuwar ranar da zai iya cikawa maimakon wadda za ta faranta ran mai kuɗi na minti biyar. In abin ya fi ƙarfinsa ya nemi mai unguwa ko liman ko shugaban 'yan kasuwar layinsu a zauna a tsara. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a suratut Tauba ta ba su haƙƙi a zakka, abin da masu fitar da zakkarmu ba su cika tunawa ba. Yawancin 'yan kasuwar da na sani suna iya jure jira. Abin da ba sa jurewa shi ne a mayar da su wawaye.

Rubutu kuma shi ne abin da muka fi sakaci da shi, duk da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kansa ta sauka, har ta ce kada a ƙosa da rubuta bashi ƙarami ne ko babba, tare da ranar biyansa da shaidu. Abin da ke hana mu shi ne kara: "Haba Kawu, ni za ka rubuta wa takarda?" Yau ko takardar ba dole ba ce. Saƙon waya da ya faɗi adadi da rana, ko tura kuɗin ta asusu maimakon a hannu, ya wadatar a matsayin madogara, kuma dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar irin waɗannan bayanai na na'ura. Nauyin kawo maganar ma bai kamata ya faɗa kan mai bayarwa ba, domin ayar cewa ta yi wanda ake bi shi ne zai yi shifta, ya faɗa da bakinsa nawa ya karɓa da yaushe zai mayar, marubuci ya rubuta.